Ƙafata da Igiyar Yaya Bube

Mun sauka Indiya da hantsi, ni a kan keken marasa lafiya, Yaya Bube a bayana rungume da jakar da ya hana kowa taɓawa tun daga Aliero. Na san abin da ke ciki: kararen ɗori, da man shanu a gwangwani, da garin magani, da igiya. Tun a gida na gaya masa asibiti za mu, ba Indiyawa za mu je yi wa ɗori ba. Ya ce shi ko Jega bai taɓa zuwa babu jakar nan ba, balle bayan teku.

Sunana Kulu, malamar firamare ce ni a Maiyama, amma 'yar Aliero ce, kuma 'yar gidan masu ɗori. Yaya Bube wana ne ciki ɗaya, shi ya gaji Baba a sana'ar. Daga Nijar da Binin ake kawo masa karaya, wasu ma daga gadon asibiti danginsu ke sato su. Mijina ya daɗe da rasuwa, saboda haka da tafiya ta kama ni babu muharramin da ya fi Yaya kusa. Don dole ya raka ni, kuma bai ɓoye ba.

Abin da ya kai ni, wata rana na hau kabu-kabu daga Maiyama, muna kusa da Mungadi wata motar albasa ta kwashe mu. Ƙwaurina na hagu ya karye har ƙashi ya fito waje. Ba wanda ya tsaya shawara, aka wuce da ni gida.

A gidanmu akwai ƙa'ida. Ranar da aka ɗora mutum, mai ɗori zai yanki igiya, kowace safiya ya yi mata ƙulli ɗaya. Kwana ɗaya ne ga kowace shekara ta mai karaya, ɗan shekara goma kwana goma, ɗan sittin kwana sittin. Ran da ƙulli ya cika, mai ɗori zai tsaya a gabanka ya miƙo hannu biyu, ka kama, ya yi bisimilla, ka taka sau uku. Ba a barin hannun mai ɗori a iska. Tun ina yarinya nake ganin ƙarti suna kuka suna takawa, kuma ba zan yi ƙarya ba, galibinsu da ƙafarsu suke komawa gida.

Ni sau uku aka tsayar da ni, sau uku ƙwaurin yana lanƙwashewa kamar ɗanyen kara. Yaya ya ce jinina ne ya yi sanyi, ya sake ja, ya sake ɗaurewa, ya yanki sabuwar igiya. Haka na cinye shekara guda da wani abu a kan tabarma. Da na gaji, na sa ƙanwata ta kai ni Birnin Kebbi aka ɗauki hoto. Likitan ƙashi ya nuna mini tazarar da ke tsakanin kawunan ƙashin biyu, yatsa biyu za su shige. Ya ce ko dai a cike gurbin nan, ko a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma lokaci ya kusa ƙurewa. Ya rubuta wa wani abokin karatunsa a Indiya, na sayar da gonar da na gada, gida kuwa ya ɗauki zafi. Wai 'yar gidan da ake kawo wa karaya daga wata ƙasa ita ce za ta kai tata wata ƙasa. Na ce ƙafata ce, ba ta gida ba.

Zangonmu na farko ɗan ƙasarmu ne ya cuce mu. Muna fitowa muka tarar da shi riƙe da kwali mai sunana, ya sha babbar riga, baki kamar zuma. Ya ce a kira shi Alhaji Sabo. Jin Hausa a wannan cincirindon ya sa har na yi ƙwalla. Ya karɓi fasfo ɗinmu wai za a yi rajista, a mota kuma ya ce ai likitan da muka zo gani ya bar aiki, amma akwai wanda ya fi shi. Ya kai mu wani ɗan asibiti a cikin lungu. Likitan wurin ya ɗaga hotona bai yi minti guda yana dubawa ba, sai ya jawo wani littafi mai hotunan ƙafafun roba, ya ce in zaɓi wadda ta yi mini, jibi za a iya yankewa.

Na rufe masa littafinsa. Da aka turo ni tsakiyar ɗakin jira na danne birkin keken, na ɗaga murya da Turancin da nake tsawata wa 'yan aji shida, na ce ba inda zan gusa sai an ba ni fasfona. Alhaji Sabo yana ta cewa Hajiya ki yi haƙuri kada ki tara mana jama'a, ni kuwa jama'ar nake nema. Yaya Bube bai ji Turanci ba, amma ya ga littafin. Ya matso a hankali ya kama wuyan hannun mutumin, irin riƙon da yake yi wa ƙato idan za a ja masa ƙashi.

"Ni ka ɗora ƙashin ga," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Na san inda shi ka karyewa."

Fasfo biyu suka fito daga aljihun babbar riga. Ma'aikaciyar da ke kan tebur, wata siririyar yarinya, ta karɓi wasiƙar likitan Birnin Kebbi da ke hannuna ta karanta, ta fita da kanta ta tsayar mana da mota mai ƙafa uku, ta yi wa direban kwatance. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Likitanmu na gaskiya bai bar aiki ba, yana nan daram, da gemu da rawani. Yaya na ganinsa ya ɗauka malami ne, ya cire takalmi a bakin ofis, sai da na raɗa masa cewa rawanin na addininsu ne, ba irin namu ba. Likitan ya daɗe yana duban hotunan, ya taɓa ƙafar, sannan ya yi mini bayani ina fassarawa. Ya ce wani yanki na ƙashin a kan titi aka baro shi ranar hatsarin, kawunan da suka rage kuma sun bushe sun yi sulɓi, ko shekara goma aka yi ana ɗaure su ba za su kama juna ba. Zai kankare su har su yi jini. Zai zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙuguna da allura, ya tace shi a na'ura, ya haɗa da ɗan ɓarbashin ƙashin ƙugun da wani farin abu mai kama da tsakin masara, ya cusa a gurbin, ya riƙe da ƙarfe da kusoshi. Farin abin tsani ne kawai, ɓargon nawa shi zai hau kai ya gina sabon ƙashi.

Ni ɓargon da na sani shi ne wanda muke zuƙa a ƙashin miya idan an sayo nama a kasuwar Jega, ban taɓa zaton nawa yana da wani aiki ba. Yaya ya ce in tambaya ko ƙashin wani mamaci za a sa mini. Likita ya ce a'a, nawa ne, farin abin kuma a masana'anta ake yinsa. Sannan shi ma ya tambaya wa ya ɗaure ƙafar. Na nuna Yaya. Sai ya ce ƙafar a miƙe take sak, tsawonta bai ragu ba, wanda ya yi wannan da hannu kawai babu hoto ya san ƙashi. Na fassara. Fuskar Yaya ta saki, karo na farko cikin watanni.

Daga nan likitan ya faɗi magana ta ƙarshe, ya maimaita ta sau biyu. Ba zan ɗora nauyi a ƙafar ba, ko na taki ɗaya, sai hoto ya nuna gurbin ya cike. Idan na taka da wuri ƙarfen zai lanƙwashe, cikon ya watse, kuma abin da ya rage na ƙashin ba zai ɗauki aiki na biyu ba, sai yankewa. Yaya ya dube ni yana jiran fassara. Na dubi fuskar nan tasa da ta saki, na ce masa likita ya ce in riƙa cin abinci sosai. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

An yi aikin ranar Talata. Da na farfaɗo, ƙugun da aka ɗebi ɓargo ya fi ƙafar ciwo, har nake cewa an ƙara mini karaya ta biyu kyauta. Washegari da safe na buɗe ido na ga Yaya zaune a kujera ya zaro igiya daga jakarsa, ya yi mata ƙulli ɗaya. Shekaruna arba'in da ɗaya. Na gani sarai, na juya fuska bango na yi shiru.

Bayan mako guda aka sallame mu, muka kama ɗakuna biyu a gidan wata tsohuwa kusa da asibitin, don likita ya ce sai ya ga hoton mako shida zai bar mu mu tafi. Indiyar da muka sani a fim ban gan ta ba, babu mai rawa a cikin furanni, sai ƙarar hon da hayaƙi da mutane kamar an juye buhun gero. Tsohuwar ba ta cin nama, ba a kuma shiga da shi gidanta. Yaya Bube, mutumin da ba ya cin tuwo sai da tsoka, ya koma wake da gurasa safe da yamma, yana ci yana istigfari. Ni abin da ya fi karya mini zuciya albasa ce. Duk lokacin da tsohuwar ta jefa ta a mai, ƙamshin ya shigo ɗakina, sai in ga rumbunan albasa na bayan garinmu, in tuna 'ya'yana mata biyu da na bari wurin ƙanwata a unguwar Firchin ta Jega. Na yi kuka a ɗakin nan ba sau ɗaya ba. Kewar gida ciwo ce, kuma ta fi tsanani ga wanda ba ya iya tashi ya zaga.

Inna nake kiran tsohuwar, ita kuma tana kirana da wani suna da ban taɓa gane ma'anarsa ba. Ba ma jin yaren juna. Kullum da la'asar za ta kawo mini madara mai ɗumi da kurkum, ta zauna a bayana ta warware mini kai ta shafa man kwakwa, tana ta ba ni labari, ni ma ina ba ta nawa da Hausa. Ranar da ta zame a bakin famfo ta yi targaɗe a hannu, Yaya ya gyara mata shi da man shanunsa. Kafin mako ya zagayo, masu targaɗen lungun sun gano ƙofarmu. Ya riƙa fita da jakarsa yana dawowa da fara'a, har kasuwar albasa ya je, ya dawo ya ce tasu ƙanana ce amma tana da yaji. Ina jin daɗin ganinsa haka, ina kuma ganin igiyar tana gajarta da ƙulli.

Ranar arba'in da ɗaya da hantsi ya shigo ɗakina sanye da farar rigarsa ta Juma'a, ko da yake Litinin ce. Ya ajiye igiyar a kan gado, ya janye sandunan da nake dogarawa ya jingina su can bakin ƙofa. Ya tsaya a gabana ya miƙo hannu biyu.

"Kulu, tashi. Kwanakinki sun cika."

"Yaya, ba ni takawa."

Ya ɗauka tsoro ne, don kowa yakan ji tsoro a wannan ranar. Ya yi murmushi ya ce in kama kawai, shi ne zai ɗauki nauyin. Na tura hannuwana ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu.

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba ni takawa. Sau ukku kana miƙo min hannu, sau ukku ina kamawa don kunyarka. Wagga ƙahwa ɗaya ta, kuma wanga aiki shi na na ƙarshe. In ta lanƙwashe yanke ta za a yi."

Sai na gaya masa abin da likita ya faɗa, wanda na ɓoye. Ina magana yana tsaye, hannuwan nan biyu a miƙe, bai sauke ba. Ya ce Baba ya taka, kakanmu ya taka, sarakuna sun taka a gabansa ba su yi gardama ba. Na ce duk cikinsu babu wanda ya baro ƙashinsa a kan titin Mungadi. Tun da nake ban taɓa mayar masa da magana ba, shi ya riƙe ni bayan Baba, shi ya aurar da ni. Amma na riga na ga littafin ƙafafun roba, kuma na rantse ba zan zaɓa a ciki ba.

Ya daɗe a haka kafin ya sauke hannu.

"Ashe tun ran nan kina kallona ina ƙulli kamar mahaukaci," ya ce. "To, hannuna ya hita ga ƙahwarki."

Na ce na ji. Ya ɗauki igiyarsa ya fita, ya manta bai mayar mini da sandunan ba. Inna ce ta shigo ta miƙo mini su, ta dubi fuskata, ta koma ta ɗora madara tun la'asar ba ta yi ba. Maganar mahaukacin nan ta fi mini ciwon ƙugu zafi, domin gaskiyarsa ce. Ƙin takawar kuwa ban yi nadamarsa ba ko na minti ɗaya.

Washegari aka ɗauki hoto. Gurbin yana nan, sai wani ɗan fari-fari kamar hayaƙi a gefensa. Likita ya ce ɓargon ya fara aiki, amma da saura nesa, in koma gida in riƙa turo masa hoto duk wata. Na so Yaya ya gani da idonsa, amma a waje ya tsaya. Ya tura kekena a filin jirgi, ya ɗauki kayana, ya nemo mini ruwan alwala a zangon Habasha, duk ba tare da ya ce mini kanzil ba.

Da na so, da Maiyama na wuce na ɓuya a ɗakina. Na ce a kai ni Aliero. Masu zuwa sannu da zuwa tambayarsu ɗaya ce, ta taka? Da suka ga sanduna sai a fara kallon juna. Wata gwaggonmu ta ce an je har Indiya an sayo sanda, alhali ga itace a bayan gida. Ta ce na kunyata gidan a gaban majinyata, in daina ratsawa ta zaure. Daga ranar na mai da zauren hanyata, safe da yamma, ƙwas ƙwas, ina gaida masu karaya ɗaya bayan ɗaya, ƙafata a sama ba ta taɓa ƙasa. Yaya yana zaune a kan buzunsa yana aiki, ina ce masa ina kwana, yana amsawa da ka.

A baki nake da ƙarfi, a ciki tsoro ne fal. Hoton wata na uku kusan bai bambanta da na biyu ba. Na dawo daga Birnin Kebbi na rufe ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo, ina tunanin ko na rabu da gona na rabu da ɗan'uwa a banza, ƙafar ma ta tafi. Da na fito na wanke fuska na ratsa zaure kamar kullum. A wata na biyar ne hayaƙin nan ya zama ƙashi, ni da ba likita ba ma na gani. Na tura hoton, amsa ta zo kafin mu kai Jega. Likita ya ce in fara takawa kaɗan-kaɗan, ina riƙe da wani abu.

Zan iya riƙe bango a ɗakina in taka, babu mai gani. Na kwana da wannan shawarar, da gari ya waye na ajiye ta. Da hantsi, lokacin da zaure ya cika da majinyata da masu jinya, na shiga na tsaya a gaban buzun Yaya. Yana naɗe wa wani Bafillace hannu.

"Yaya, kwanakina sun cika."

Bai ɗago ba sai da ya gama ɗaurin, ya goge man shanun da ke hannunsa. Na shirya wa komai, har da ya ce in je in nemi mai rawani ya tsayar da ni. Sai ya jawo jakar nan, ya zura hannu can ƙasa, ya fara zaro igiya. Yana ja tana fitowa. Ta farkon ce, wadda ya ajiye a kan gadona a Indiya, an ɗaura mata wata igiyar, ita ma an ɗaura mata wata, ƙulli a jikin ƙulli har ta taru a kan cinyarsa.

"Ɗari da talatin da takwas," in ji shi. "Da na yau, da tara."

Ya yi ƙullin ƙarshe, ya miƙe, ya karɓi sandunana ya ba wani ya riƙe. Ya miƙo hannu biyu, na kama. Ya yi bisimilla. Na taka ɗaya, na taka biyu. A ta uku na ɗago na dube shi. Ba ni yake kallo ba, ƙwaurin yake kallo, kuma ƙwaurin bai lanƙwashe ba.